Ɓawon tat ɗina yana zamewa, yana kuma tauri: ina matsalar take?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sana'ar gasa kek ku kawo mini ɗauki. Sau uku ke nan ina gwada tat, irin wanda ake gasa ɓawonsa mai zaƙi kamar ɗan faranti sannan a zuba kastad da 'ya'yan itace a ciki, kuma sau uku ina shan kunya. Na farko da na zo murzawa ya manne wa tebur da kwalbar murjin, na yi ta barbaɗa fulawa har na gaji. Na biyu ya murzu lafiya, na shimfiɗa a gwangwani har baki, amma da ya fito daga obin gefen ya zame ƙasa, abu ya koma kamar faifai. Na uku kuwa maigida ya gatsa sau ɗaya ya ce in ajiye masa, zai yi amfani ranar da ɓera ya shigo. Ga yadda nake yi: fulawa gwangwani huɗu, botar roba ta shafa burodi babban cokali biyar, sukari gwangwani ɗaya, ƙwai biyu, bekin foda, sai ruwa har ya haɗu, in murza shi sosai ya yi santsi kamar na mitfai. Ina Tudun Wadan Zariya, obin ɗina na gas ne marar lamba. Saura kwana goma sunan ƙanwar maigida, ni kuma na riga na cika baki a gaban dangin miji.

Zee_Hanwa:
Wa alaikumus salam. Anti, ke da bakinki kin faɗi laifin: "in murza shi sosai". Nan aka yi ɓarin.

BintaKek_Samaru:
Maman Ilham, sannu da ƙoƙari. Abin da kika kwaɓa ɗan uwan cincin ne, ba ɓawon tat ba. Ki ajiye gwangwanin awo ki nemi ɗan sikelin kicin, akwai su a shagunan kayan kek na kasuwar Sabon Gari. Cikar gwangwani ta Ladi daban, ta Talatu daban, wata ta danna wata ta yayyafa. Ga awon da nake aiki da shi, yana isar gwangwanin tat mai faɗin santimita 24 har a samu ɗan saura:

fulawa giram 250, bota mai sanyi giram 125, aisin suga (niƙaƙƙen sukari) giram 90 zuwa 100, ƙwai ɗaya, gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Ba ruwa. Ba bekin foda.

Ki yanka botar ƙanana ki zuba cikin fulawa da sukari da gishirin, ki riƙa murtsukewa da kan yatsu kawai, ba da tafin hannu ba, har ya koma kamar dambun da aka turara aka warware. Sai ki fasa ƙwan ki juya da cokali mai yatsu. Da zarar ya fara dunƙulewa, ki tattara shi wuri guda ki cire hannunki. Ko kin ga bai yi santsi ba, ki ƙyale shi. Ki lallatsa shi ya yi faɗi, ki naɗe a leda, ya huta a firji aƙalla awa ɗaya.

Maman_Ilham:
Anti Binta, bota rabin fulawa? Ashe ni rowa nake yi wa abin. To bekin fodar fa, ba ita ce ke sa laushi ba?

BintaKek_Samaru:
Ita tashi take sawa, ke kuma ba kya son ya tashi. In ya kumbura ina za ki zuba kastad ɗin? Laushin daga mai yake zuwa.

Malam_Kimiyya:
Ku yi haƙuri in sa baki cikin zancen mata, ni malamin sakandare ne kuma uwargida tana wannan sana'a, ni ke wanke gwangwanaye. A cikin fulawar alkama akwai sinadarai biyu da in suka haɗu da ruwa aka kuma murza su suke saƙa wani danƙo da ake kira gulutin. Shi ne ke sa kwaɓin burodi ko na taliyar murji ya riƙa miƙewa yana komawa kamar roba. A burodi alheri ne, a tat kuwa shi ne abokin gaba. Maman Ilham ta zuba ruwa, ta ƙara ƙwai biyu, ta murza da ƙarfi, ta kuma ja kwaɓin ya kai bakin gwangwani. Da ya ji wuta sai robar ta koma inda ta fito. Shi ne faifan da ta gani. Taurin ma daga nan ne. Amfanin murtsuke bota da fulawa tun farko shi ne man ya lulluɓe garin kafin danshi ya same shi, sai danƙon ya kasa haɗuwa sosai.

Wani abu kuma: bota ta gaskiya kusan kashi 80 cikin ɗari mai ce. Irin ta roba mai laushi da ake shafa wa burodi kuwa, da yawansu man bai kai haka ba, ruwa ne ya cike gurbin. Wato ko ba ta ɗebo ruwa daga randa ba, ta riga ta zuba.

Hajiya_Kofar_Doka:
Ni dai ina ta karantawa ina dariya. 'Ya'yan nan, wannan abin da kuke ta yi wa awo da giram ai gireba ce aka shimfiɗa a faranti. Fulawa, mai, sukari, kada a wahalar da kwaɓi. Mun yi ta a garar aure tun ba a haifi wasunku ba, ba sikeli ba firji, kuma tana narkewa a baki.

Dan_Kano_a_PZ:
Hajiya ta gama magana. Zage-zagi dai komai sai kun kai shi jami'a, ɗan biskit ma sai an kira malamin kimiyya.

Zee_Hanwa:
Kai Bakano, in aka gasa kai ne na farkon miƙo hannu, ka kuma tambaya ko akwai ragi. Zauna ka koya.

BintaKek_Samaru:
Hajiya, gaskiyarki rabi da rabi, Allah ya ƙara girma. Dangi ne, shi ya sa ma duk wadda ta iya gireba ba ta shan wahala a nan. Amma gireba ba ta ɗaukar kaya. Ki yi faranti da kwaɓinta ki zuba kastad ki ce za ki yanka, sai dai a kawo cokula. Ƙwan nan guda ɗaya shi ke riƙe ɓawon ya tsaya da ƙafarsa, a yanka shi ya fita tsaf. Kuma man gireba na ruwa ne, ba ya daskarewa, don haka ba za ki iya murza kwaɓin ki ɗaga shi ba.

Hajiya_Kofar_Doka:
To na ji. Amma dai ku daina raina hannun tsofaffi.

Ummu_Sudais:
Babu wanda ya taɓo babbar matsalar, wato zafin garin nan. Muna cikin Afrilu fa. Bota tana narkewa tun daga wajen digiri 32 zuwa 35, mu kuma da rana muna haura haka a inuwa, balle a kicin. Maman Ilham, ƙarfe nawa kika yi na farkon da ya manne?

Maman_Ilham:
Bayan azahar, ina gama tuwon rana, murhu ma bai huce ba.

Ummu_Sudais:
To ai kin ji. Ni a bazara ba na murza kwaɓin tat sai bayan sallar asuba, kafin rana ta fito. Ina kwaɓawa da daddare ya kwana a sanyi, da asuba in murza. Kuma ba a kan tebur tsirara ba, tsakanin takardar gashi biyu ko leda biyu, sai in huta da barbaɗa fulawa, don fulawar da kike ƙarawa ita ma tauri take ƙarawa. Kaurinsa kamar ki haɗa tsinken ashana biyu. In na ga ya fara sheƙi yana laushi, ba na gardama da shi, in ɗora shi kan tire da takardarsa in mayar firji minti goma. Da hunturu kuwa, Disamba zuwa Janairu, sai ki rantse ke ce gwanar duniya, komai yi miki biyayya yake.

Anti_Rabi_Gyallesu:
Firji, firji, firji. Ku masu sola ku riƙa tuna da mu. Jiya tun la'asar aka ɗauke wuta, sai yanzu da hantsi aka ƙyalla ta minti ashirin.

Ummu_Sudais:
Anti Rabi, wallahi ni ma ba sola gare ni ba. Ƙanƙara nake saya guda biyu in sa a kula, in ɗora tire a kai, kwaɓin yana saman tiren cikin leda don kada ruwa ya taɓa shi. Har kwalbar murjin nake cikawa da ruwan sanyi in goge jikinta.

Fa'iza_Kongo:
Ni ɗaliba ce, ba firji ba obin, kuma ina yin ƙananan tat ina sayarwa a hostel. Na daina murzawa gaba ɗaya. Ina gutsuro kwaɓin in sa a gwangwanin kofkek, in danna da babban yatsa, in bi da gindin ƙaramin kofi har ya hau gefe daidai. Ba mannewa, ba yagewa, kuma tun da ban ja shi ba, ba ya zamewa sosai. Gashi kuma a tukunya: yashi mai tsabta a ƙasa, in ɗora murfin tsohuwar tukunya ko duwatsu uku a kai don gwangwanin kada ya zauna kan yashin, in rufe ta yi zafi minti goma kafin in saka. Wuta kaɗan. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ƙasa na riga sama nuna, sai na koma ɗora 'yan garwashi kan murfin.

Zee_Hanwa:
Fa'iza Allah ya yi wa neman albarka. Nawa kike sayar da ɗaya, da tsadar ƙwan nan?

Fa'iza_Kongo:
Amin Yaya. Kada ki sa in yi kuka a bainar jama'a. Kiret ɗin da na saya wancan watan da na wannan makon kamar ba kaza ɗaya ta yi su ba.

Baban_Khalifa:
Abin haushi ma a ce a Zariya ake kukan ƙwai, garin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta fitar da kazar Shika Brown. Ba kazar ce ta yi tsada ba, masara da waken suya ne. Ni ina da guda arba'in a bayan gida a Palladan, abincinsu ya fi nawa tsada.

Maman_Ilham:
Jama'a a dawo kan tat don Allah, kwana goma ne fa, yanzu ma saura tara da rabi.

BintaKek_Samaru:
Yi haƙuri ƙanwata, ga sauran. In kin ɗora kwaɓin kan gwangwani, kada ki ja shi. Ki ɗaga gefen ki sake shi ya zauna da kansa cikin kusurwa, sannan ki bi da yatsa a hankali. In ya yage, ki manna da guntun da ya rage, wannan kwaɓin ba ya riƙo. Ki tsattsaga ƙasan da cokali mai yatsu, ki mayar da gwangwanin cikin sanyi rabin awa. Wannan hutu na biyu shi mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne maganin zamewa.

Daga nan a gasa shi ba komai a ciki. Ki cukuikuye takardar gashi ta yi laushi, ki shimfiɗa a ciki, ki cika da busasshen wake har baki. Har baki na ce, don waken da ke gefe shi ke tallafe bangon. Digiri 180, minti 15. Ki ɗauke takardar da waken, ki mayar minti 8 zuwa 10 har ƙasan ya daina ɗanyen launi ya yi ruwan zuma. Ki sa ido, kwaɓi mai sukari ba ya jira, kina juya baya ya ƙone.

Anti_Rabi_Gyallesu:
Waken nan a rubuta masa suna a jikin roba. Na ajiye nawa a kicin na tafi biki Kaduna, 'yata ta ɗauka ta ɗora mana wake da shinkafa. Awa uku tana hura gawayi, har kanwa ta ƙara, wake ya ce bai san zance ba. Da na dawo na tarar da ita tana hawaye wai an yi wa tukunya asiri.

Dan_Kano_a_PZ:
A wannan marra a ƙona mudun wake saboda biskit? Ku wanke tsakuwa mana.

Ummu_Sudais:
Wannan karon Bakano ya yi gaskiya, son kuɗi ya yi rana. Ƙananan tsakuwa da aka wanke suna yi, shinkafa ma tana yi. Kuma waken ba asara ba ne, nawa ya shekara biyu yana aiki.

Maman_Ilham:
To digiri 180 ɗin fa? Obin ɗina "babba" da "ƙarami" kawai ya sani.

Malam_Kimiyya:
Mafi sauƙi ki sayi ɗan ma'aunin zafi da ake ratayawa cikin obin. In bai samu ba, sukarin shayi yana narkewa a wajen digiri 186. Ki kunna obin minti 15, ki sa rabin cokalin sukari kan takardar alminiyam a tsakiya, ki ba shi kwatan awa. In ya narke ya zama ruwa, wutar ta ɗara yadda ake so, ki rage kaɗan. In yana nan garau, kina ƙasa da haka. Ki yi wa makunnin alama da jan farce inda kika samu daidai. Obin gas daga ƙasa yake duka, saboda haka ki sa tat ɗin a tsakiya, ki ajiye wani tire a ƙarƙashinsa.

Hajiya_Kofar_Doka:
Ni tambayata, me ya hana ku man shanu? Ga shi Fulani na kawowa har ƙofar gida, kuna ta neman botar kanti mai tsadar tsiya.

Zee_Hanwa:
Hajiya na gwada da ɗanyen man shanu. Warin tsamin nan ya bi kastad ɗin, yara suka ce tat ɗin fura na yi.

Maryam_Wusasa:
Zee ba ki wanke shi ba ne. Ana wanke ɗanyen man shanu da ruwan sanyi sau uku ko huɗu, ana dannawa da cokali har ruwan ya fita garau ba nono, sannan a daskarar. Ni da shi nake yi kuma masu saye ba su taɓa ƙorafi ba. Soyayyen ne ban ba da shawara ba, musamman wanda aka soya da albasa, wannan na tuwo da miyar kuka ne. Ko marar albasa, tun da an ƙone ruwansa, ɓawon yakan yi ta marmashewa.

BintaKek_Samaru:
Ni a nan ba na tare da Maryam. Man shanu yau ki samu mai kyau, gobe ki samu wanda ya kwana uku a ƙwarya. Wadda ke da suna saura kwana tara ba lokacin gwaji ba ne. In botar kanti ta yi tsada, ta sayi majarin na gashi mai tauri da ake aunawa, ba na roba ba. Ɗanɗano bai kai bota ba, amma ya fi jure zafinmu. Wasu na yin rabi da rabi.

Maryam_Wusasa:
Anti Binta, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni dai majarin yana bar mini wani maiƙo a dasashi.

Sadiya_Faransa:
Ina gaida mutanen gida, 'yar Tudun Jukun ce ni, karatu ya kawo ni Liyon. A nan abin da Anti Binta ta kwatanta, na murtsuke bota da fulawa, suna ce masa pat sable, wato mai kama da yashi. Wanda suke kira pat sukre kuwa, bota mai ɗan laushi ake fara bugawa da aisin suga, a sa ƙwai, fulawa ta zo ƙarshe, kuma sukan ƙara ɗan garin almon. Ina ganin wannan hanyar za ta fi dacewa da zafin gida, tun da dama ba a buƙatar botar ta yi tauri a farko. Sai dai hutu a sanyi ba makawa. Wani abin da na lura, fulawar da suke tat da ita a nan ba ta kai tamu danƙo ba. Tamu ta fi karkata ga burodi.

BintaKek_Samaru:
Haka ne Sadiya. Shi ya sa wani lokaci nake cire giram 30 na fulawar in maye da konfulawa. Garin almon kuwa sai ku, mu nan in an matsa a daka soyayyar gyaɗa.

Fa'iza_Kongo:
Gyaɗa tana yi wallahi, amma kaɗan, in ta yi yawa ƙuli-ƙuli za ki ji. Aisin suga ma ba na saya, sukari nake niƙawa a bilenda in tankaɗe.

Baban_Khalifa:
Tambaya daga ɓangaren masu ci: me ya sa wani tat ɗin ƙasansa ke zama kamar burodin da ya faɗa shayi?

Ummu_Sudais:
Ko dai bai gasu ba, ko an zuba kastad da wuri. In kin cire wake ya gama gasuwa, ki shafa masa ƙwai kaɗaɗɗe siriri a ciki ki mayar minti biyu, zai yi kamar an shafa fenti, danshi ba zai ratsa ba. Wasu narkakken cakulan suke shafawa. Sannan ɓawo ya huce sarai, kastad ma ya huce. Maman Ilham, ki gasa ɓawon ana gobe suna ki rufe a roba mai murfi, ki cika da safiyar ranar. Kuma kastad mai ƙwai da madara kada ya wuni a tsakar gida cikin wannan zafin, a fito da shi lokacin ci. Ga mangwaro ya cika gari, ki samu marar zare ki yanka siri-siri. Ba sai kin nemi sitiroberin Jos ba.

Maman_Ilham:
'Yan uwa na dawo da rahoto. Na ari sikelin maƙwabciya, na yi awon Anti Binta da rabin bota rabin majarin, na kwaɓa bayan isha'i, ya kwana kan ƙanƙara. Da asuba na murza tsakanin leda biyu. Gefe ɗaya ya yage na manna, ba a ma gane wurin. Bangon ya tsaya! Ya ɗan sauka kamar faɗin farce, amma ba faifai ba. Sai dai bakin ya yi duhu sosai ta ɓangaren bayan obin, tsakiyar kuma da ɗan saura. Maigida ya cinye kusan rabi a tsaye, bai ambaci ɓera ba.

Malam_Kimiyya:
Barka. Bayan obin ɗinki ya fi zafi ke nan, ki juya gwangwanin a rabin lokaci. In baki ya riga tsakiya, ki rufe shi da siririyar takardar alminiyam ki ƙara minti uku.

Fa'iza_Kongo:
Anti, mutum nawa za su zo sunan? In dangin miji ne na Zariya, babba ɗaya ba zai kai ko'ina ba, kuma wurin yanka za a yi rigima. Ki yi ƙanana a gwangwanin kofkek kowa ya ɗauki nasa.

Maman_Ilham:
Fa'iza kin tayar mini da wani sabon ciwon kai. Gwangwanin kofkek ɗina mai rami shida ne kacal.

Maryam_Wusasa:
Ina da mai goma sha biyu guda biyu, ki turo yaro. Zan haɗo miki da wankakken man shanu ki gwada ko a guda shida ne.

BintaKek_Samaru:
Maryam, ki bar yarinyar nan ta fita kunyar dangin miji tukuna.

Hajiya_Kofar_Doka:
Ku dai ku gama. Maman Ilham, ki yi gireba roba ɗaya ki ajiye a gefe, ko da wuta za ta yi halinta ranar.